Turakun Goran Ruwa da Rantsuwar Malam Garba

Rannan ina zaune a ƙofar gida, ɗaya daga cikinku, mai injin feshin nan, ya dube ni ya ce wai fenti ba sana'a ba ce, tsoma-ka-shafa ne, ko makaho aka miƙa wa buroshi zai yi. Ban yi fushi ba. Mamaki ne ya kama ni, shi kuwa ya ɗauka na yarda, ya yi gaba yana fito. To, tunda yau hadari ya hana ku aiki, ku gyara zama ku ji yadda tsoma-ka-shafa ya raba mutum da sana'arsa. Mutumin kuwa maigidana ne, Malam Garba mai fenti na Shahuci, wanda har yau ban ga wanda ya kai shi iya riƙe buroshi ba a birnin nan.

Aikin farko da ya ba ni tsohon gadon ƙarfe ne, wanda wata mata ta gada a wurin uwarta take so a sabunta mata. Na zaci buroshi zai miƙo mini. Sai ya miƙo mini makankari da buroshin waya da samfefa, ya nuna mini gindin durumin da ke bayan rumfa. Na yi ta kankarar tsatsa har yatsuna suka yi kanta, na ɗauka na kai masa. Ya shafa bayan hannunsa a ƙafar gadon, ya ce in koma. Haka na yi ta komawa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban shafa wa komai fenti ba sai rigata.

Ku yanzu gwangwani kuke buɗewa ku tarar da fenti a dame yana jiran ku. Mu yawanci gari ake kawo mana, mu niƙa shi a kan dutse da mai, mu tace da tsumma, mu yi ta juyawa har ya daina gudaji. Buroshi kuwa ba ya kwana da fenti a jikinsa, sai an wanke shi da kananzir an rataye. Akwai wani jan fenti mai dalma, wanda ƙaramin gwangwaninsa ma sai ka sa hannu biyu ka ɗaga. Shi ne shafin farko a kan kowane ƙarfe, shi yake hana tsatsa, sannan launin da mai kaya yake so ya hau kansa. Malam Garba yakan ce ƙarfe maƙiyansa biyu ne, tsatsa da maiƙo. Maganin tsatsa samfefa da jan fentin nan, maganin maiƙo kuwa ruwan toka. A bayan rumfa muna da kwami na siminti. Mukan karɓo ruwan toka a wurin marina, mu ƙara masa kanwa da sodar da masu sabulu suke aiki da ita, mu jiƙa gadaje da ƙyamaren ƙarfe a ciki. Tsohon fenti ya saki, maiƙo ya fita, ƙarfe ya fito tas. Ba dabararsa ba ce shi kaɗai, duk masu fentin birni haka suke yi, kuma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Masu kawo aiki kuwa iri-iri ne. Akwai masu kanti a Fagge da ƙofofinsu, akwai direbobin lori da ke son a zana musu bodi, akwai attajiran da suka fara sa tankin ruwa a gida. Kowa so yake a gama masa yau. Wani direba ya taɓa zuwa ya ɗauke lorinsa fenti bai bushe ba, ya dawo daga Haɗeja da ƙwari da ƙaiƙayi manne a jikin bodin, yana faɗa wai mun cuce shi. Malam Garba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce da ni in ɗauko samfefa. Bai ɗaga murya ba, ba kuma halinsa ba ne. Abu ɗaya ne ba ya jurewa, a ce fentinsa ya tashi. Bai taɓa tashi ba kuwa, sai a shekarar da zan ba ku labari.

Saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, cikin bazara, aka sauke wasu turaku a filin da ke wajen Ƙofar Nassarawa. Turakun fitilar titi ne, irin waɗanda kuke ce wa falwaya, za a kakkafa su daga bakin ƙofa a shigo da su cikin gari. Wani ɗan kwangila, Alhaji Mamuda, shi ya karɓi aikin, shi kuma ya nemi Malam Garba ya yi musu fenti. Ni a lokacin na yi aure, ni ne babba a cikin ma'aikatan rumfa, sai Habu yana bi na. Da muka je ɗauka muka taru a kan turke ɗaya, muka yi bisimilla muka yunƙura da ƙarfinmu duka, saura kaɗan mu cilla shi sama. Muka ajiye muna duban juna. Abu ya fi tsayin soro, ga kauri, amma mutum biyu sun ishe shi. Fari ne fat, yana ɗaukar ido. Alhaji Mamuda ya ce goran ruwa ne, wasu su ce sanholo, kuma ba ya tsatsa har abada. Malam Garba ya tambaye shi to mene ne na fenti. Ya ce ƙyallin yana kashe wa direbobi ido da rana, saboda haka an ce a yi su kore, gindinsu baƙi.

Ƙarfe dai muka gani, aikin ƙarfe muka yi masa. Muka jera su a kan katako, muka goge da tsumma, babu tsatsar da za a kankare, har muna murna mun sami aiki mai sauƙi. Muka shimfiɗa jan fenti, ya bushe, muka bi da kore. Malam Garba da hannunsa ya ja layin baƙin da ke gindi, ba zare ba ma'auni, kuma in ka tsaya a farkon jerin sai ka ga layin ya tafi daidai har ƙarshe. Aka kakkafa yawancinsu, kaɗan suka rage a kwance. Ba a riga an ja waya ba, amma mutane sukan fito da yamma kallo kawai.

Ruwan farko ya sauka, na biyu ya biyo, sai Habu ya shigo rumfa da safe da wani abu kore a hannunsa, dogo, yana reto. Na ɗauka ƙyalle ne. Ya ce yara ne ya tarar suna saɓule shi daga jikin turke suna ɗaura wa juna a ka. Muka fita da gudu, Malam Garba yana biye da mu a hankali. Abin da na gani ban taɓa gani ba, ban kuma taɓa jin labarinsa ba. Fentin duk ya kumbura ya yi bororo, in ka kama gefe ka ja sai ya biyo ka har ƙasa kamar saɓar maciji, jan da koren tare. Abin da ya fi tsorata ni shi ne abin da ke ƙarƙashi. Ƙarfen da aka ce ba ya tsatsa ya yi wani farin gari, in ka goge garin sai ka ga ƙananan ramuka kamar fuskar mai zanzana. Jan fentin da ya yi shekaru yana tsare mana ƙarfe, shi ne yake cin wannan. A lokacin ba mu san haka ba, mun dai tsaya baki buɗe.

Bayan la'asar Alhaji Mamuda ya zo, ya tsaya a gindin turken da ke kusa da masallacin unguwa, daidai lokacin da mutane suke fitowa. Bai zaɓi wurin da gangan ba, amma da ya ga an taru sai ya ƙara murya. Ya ce an cika shi da labarin Malam Garba, ashe iyakarsa gadon tsofaffi. Ya ce zai aika Ikko a kawo masa waɗanda suka san aiki. Dattawa suna ba shi haƙuri, shi kuwa yana saɓular fentin yana jefarwa a gaban maigidana. Ina tsaye a bayan Malam Garba. Sai ya yi magana, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Alhaji, ka bar mini turakun nan in sake. Wallahi, in na sake shafa musu fenti ya tashi, hannuna ba zai ƙara riƙe buroshi ba har in koma ga Allah."

Wani dattijo ya ce, "Malam Garba, ka ja maganar nan." Bai ja ba. Ni kuwa na san mutumin, na kuma san magana zarar bunu ce. Daga ranar ba turaku muke yi wa aiki ba, sana'ar maigidanmu muke ƙoƙarin cetowa.

Lissafinsa mai kyau ne, in da ƙarfen irin namu ne. Ya ce tunda babu tsatsa, to maiƙo ne, an shafo su da wani mai daga inda aka ƙera su, mu kuma muka raina shi muka goge da tsumma kawai. Saboda haka ruwan toka, mai ƙarfi, fiye da wanda muke yi wa gadaje. Muka haɗa shi har yana cin hannu, muka ɗaura tsumma a sanda, muka hau tsani muna wanke turakun ɗaya bayan ɗaya. Muna gogawa tsumman yana yin baƙi ƙirin, jikin turken yana yin toka-toka. Malam Garba ya ɗaga tsumman ya nuna mana, ya ce mun gani, dauɗar ce take fita. Muka ɗauraye sama-sama, don ruwa daga nesa ake ɗauko shi, kuma hadari yana kora mu. Muka sake shimfiɗa jan fenti, wannan karon da kauri, muka bi da kore. Kowane turke shi ya yi masa shafin ƙarshe da kansa.

Mun kusa gamawa sai muka koma kan waɗanda ke kwance. Ɗaya daga cikinsu baƙin gindinsa ya ƙi fita, sai muka kai shi bayan rumfa, muka tsoma gindin a cikin kwami, kansa muka jingina a katanga. Ranar Alhamis ne da yamma, Juma'a ba ma aiki, sai Asabar da safe muka koma. Tun daga ƙofar rumfa na ji wani wari yana shaƙe maƙogwaro. Da na leƙa sai na ga kwamin ya yi kumfa har ya zubo ƙasa, yana ta ɓararraka, alhali babu wuta a ƙarƙashinsa. Na taɓa simintin na ji shi da zafi. Na kira sunan Allah na ja da baya, don wallahi na ɗauka aljanu ne. Muka daure muka jawo turken. Gindin ya yi baƙi, ya sirance, ya huhhuje kamar rariya. Habu ya danna shi da babban yatsa, ƙarfe ya lotsa.

Malam Garba ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙe ya fita bakin titi, muka bi shi. Ya tsaya yana kallon jerin turakun, kore shar, suna ƙyalli a rana, babu wanda zai ce da wani abu a jikinsu.

"Da ruwan nan muka wanke su duka," in ji shi.

Nan take na kawo shawara. Na ce masa mu hau yau ɗin nan mu kankare fentin da hannunmu tun bai tashi ba, mu ce mun ga kuskure za mu gyara. In mu muka cire, ai bai tashi ba, rantsuwa ba ta kama shi ba. Habu ya ce haka ne. Malam Garba ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba.

"Isiyaku, Allah za ka yi wa wayo, ko mutanen Shahuci? A kan wannan shafin na rantse. A bar shi ya nuna kansa."

Na roƙe shi, har na yi masa rashin kunyar da ban taɓa yi ba, na ce taurin kai ne. Ya juya ya koma rumfa. Haka muka zauna muna jira, kullum in hadari ya haɗo sai in fita in duba turakun. Ba a daɗe ba kuwa. Wannan karon ma ya fi na farko muni, don tokar da ta saura a jikin ƙarfen tana ci daga ciki, ruwa yana duka daga waje. Fentin ya riƙa zubowa da kansa, ba sai yara sun ja ba.

Ranar da Malam Garba ya je ya gani da idonsa, ya dawo rumfa ya sauko da buroshinsa gaba ɗaya daga inda suke rataye, ya shimfiɗa buhu ya jera su. Ya ba ni manyan, ya ba Habu na zane, sauran ya raba wa ragowar ma'aikata. Na ƙi karɓa, ya ajiye mini a kan cinya. Muka garzaya wurin malamin unguwa, ya taso da kansa ya zo har gida. Ya yi wa Malam Garba bayani cewa rantsuwa irin wannan tana da kaffara, ya ciyar ko ya yi azumi, ya koma sana'arsa, addini bai ce mutum ya kashe hanyar abincinsa ba. Malam Garba ya yi godiya, ya ce ya san da haka, kuma ba ya shakkar rahamar Allah. Amma a gaban mutane ya faɗa, in ya koma, duk ranar da ya ce wa mai kaya wallahi fentin nan zai yi ƙarko, da wane baki zai faɗa? Malamin ya fita yana girgiza kai. Ni haushi na ji, haushi mai tsanani, don ina ganin mutum yana binne kansa da ransa.

Shekarar nan ba mu ji daɗinta ba. Labari ya bi gari cewa rumfar Malam Garba ta narkar da ƙarfe. Masu gadaje suka kwashe kayansu, direbobi suka koma Sabon Gari, ma'aikata suka watse sai ni da Habu. Har dako na yi a kasuwa don a ɗora tukunya a gidana. Abin da ya ƙara ba ni takaici kuwa, da na ba matata labarin kwamin, sai ta riƙe baki. Ta ce wa yake sa kanwa a tukunyar goran ruwa? Ai baƙi take yi, in an matsa ta huje. Ta ce in ana so ta yi haske ruwan tsamiya ake tafasawa a ciki. Ashe duk matar da ta mallaki irin tukunyar nan ta sani. Mu maza mun taru muna ta lissafi a bakin titi, babu wanda ya taɓa leƙa madafa.

Sauran ilimin wani Babarbare ne ya cika mana, Malam Kyari, lebura a filin jirgi, wanda ya kawo akwatin ƙarfe mu yi masa fenti saboda bai ji labarinmu ba. Ya ce jikin jirgin sama ai goran ruwa ne, kuma a can ba a kusantar da jan fenti gare shi. Wani fenti ruwan ɗorawa ake fara shafawa, mai ruwa-ruwa. Muka je wurin Alhaji Mamuda, wanda mutanensa na Ikko ba su zo ba har lokacin, shi ma ido ya raina fata. Ya nemo mana fentin, ya ce mu gwada a turke ɗaya.

To ku buɗe kunne, don har yau goran ruwa bai canza hali ba. Santsi ne da shi, fenti ba ya samun wurin kamawa, saboda haka bayan ka wanke shi da sabulu ka ɗauraye sosai, sai ka bi shi da samfefa mai laushi har ƙyallin ya mutu. Mu a lokacin ruwan tsamiya muke bi da shi, mu sake ɗaurayewa, mu bar shi ya bushe ƙarau. Kada ka ce sai gobe. A ranar za ka yi shafin farko, siriri, don in ya kwana wata fata yake sake yi wadda ido ba ya gani, fenti kuma ba ya zama a kanta. Launi ya biyo baya sau biyu, ba da tsakar rana ba lokacin da ƙarfen yake ƙuna, ba kuma hadari na tsaye ba. Turakun da ramukansu suka yi zurfi a gindi an tumɓuke su, sauran muka gyara. Malam Garba yakan zo ya zauna a inuwa, hannuwansa a cikin riga, ya ce mini in rage fenti a buroshi, ko in fara daga sama. Fentin nan ya zauna, aka ja waya aka kunna fitilu, damina bayan damina bai motsa ba. Aiki ya dawo rumfa, amma shi bai dawo ba. Ya kafa ɗan tebur a kasuwa yana sayar da garin launi.

Bayan wasu shekaru ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure, ya tsufa ƙwarai, ya nuna mini ƙyauren gidansa na ƙarfe, duk tsatsa ta cinye ƙasansa. Ya ce yana so a yi masa shuɗi. Ban taɓa jin nauyin aiki irin na ranar ba. Na kankare, na goge, na yi shafin farko, na dawo na yi na biyu, duk yana zaune a kan buzu yana kallo. Ranar shafin ƙarshe, na ja buroshi na gama, na matsa baya. Sai ya miƙe ya matso kusa da ƙyauren, ya ƙanƙance ido.

"Ka bar zubi a nan kusurwar," in ji shi.

Na duba, gaskiyarsa, ɗigo ɗaya ne ya gangaro ya tsaya. Buroshin yana kan gwangwani a gabansa, ni ina nesa. Na ga hannunsa ya miƙe, yatsunsa sun buɗe yadda suka saba, har sun kusa taɓa ƙotar. Sai ya tsaya, ya mayar da hannun cikin riga.

"Zo ka ɗauke shi, Isiyaku, tun bai bushe ba."